Inji na kuka, taya na tsaye

Ƙaramar taraktar Kawu ta girme ni. Makon da ruwan shuka ya sauka ta ƙi tafiya: inji na kuka lafiya lau, an saka giya, taya ko motsi. Bakanike ya ce sai an kwance giya, kuɗin da ya yanka kuwa na takin bana ne.

Kawu ya ce, "Yaro, kashe injin. Ƙarfinsa ta bel yake bi, ya shiga kuloci, sannan giya. Fara duba mai araha."

Na danna bel da yatsa, ya lotsa, gefensa ya yi sulɓi, ga warin ƙonanniyar roba. Da haƙoran giya ne suka cinye, ai da mun ji ƙara. Muka sayo sabon bel, kafin la'asar mun shiga gona.