Abin Da Gicciye Ke Nufi Ga Maƙwabtanmu Kirista

Ya 'yan'uwana masu koyon aikin malanta, ba da daɗewa ba za a rarraba mu makarantu, wani Kazaure, wani Babura, wani Roni ko Gwiwa. Galibin yaran da za mu tarar 'ya'yan Musulmi ne, amma a wajen Roni akwai Hausawa Kirista, yawancinsu jikokin Maguzawa, tun daga zamanin da mishan ɗin SIM ta kafa tasha da makarantar yara maza a can. Ikilisiyoyin da suka fito daga wannan aiki su ne suka haɗu suka zama ECWA a 1954. To, kadan yaro ya zo aji da ɗan gicciye a wuya, ya kamata malaminsa ya san abin da iyayensa ke nufi da shi.

Ni Musulmi ne, da allo na fara karatu. Abin da muka gaskata a fili yake: Suratun Nisa'i, aya ta 157, ta nuna ba a kashe Annabi Isa ba, ba a kuwa gicciye shi ba, Alƙur'ani kuma ya koya mana babu mai ɗaukar nauyin laifin wani. Kirista kuwa sun ce an gicciye shi a Urushalima wajen shekara ta 30, zamanin da Bilatus ke gwamnan Rumawa a Yahudiya, ya kuma tashi a rana ta uku. Wannan saɓani ne na gaske, kuma ba na neman in rufe shi da zaƙin baki. Abin da nake tambaya shi ne, don me mutuwar da kowa zai ɗauka abin baƙin ciki ta zama musu tushen addini?

Wani dattijo Kirista, manomi, abokin mahaifina, shi ya ba ni amsa ta farko da kalma guda, watau fansa. Kakanninmu sun san ta sarai. A da, kadan an kama mutum a yaƙi, danginsa kan tara dukiya su fanso shi. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903 kuma, bayi da yawa sun sami 'yanci ta hanyar fansa a gaban alƙali, har aka kashe bauta da doka a 1936. Dattijon ya ce a wurinsu ɗan Adam bawan zunubi ne, ba shi da abin da zai fanshi kansa, sai Almasihu ya biya da ransa. Shi ya sa suke ce masa Mai Ceto. Wani shehin malaminsu, Anselm, babban limamin Kantabari a Ingila, ya yi littafi a kan wannan wajen 1098. Ya ce laifin da aka yi wa Allah bashi ne wanda mutum ya kamata ya biya, amma ya fi ƙarfin mutum, saboda haka sai wanda suke ɗauka Allah ne kuma mutum ne ya iya biyansa.

Ma'ana ta biyu ita ce hadaya. Mu duk Babbar Salla mukan tuna da ragon da aka fanshi ɗan Annabi Ibrahim da shi. Su kuma sun lura mutuwar Almasihu ta faɗo daidai Idin Ƙetarewa na Yahudawa, lokacin da ake yanka 'yan raguna, sai suka kira shi Ɗan Rago na Allah, suka ce hadayarsa ta isa, ba a bukatar wata bayanta. Don haka ba su yin layya. A maimakonta sukan taru su ci gurasa su sha daga ƙoƙo don tunawa, abin da suke kira Jibin Ubangiji.

Ta uku, suna ganinta ma'aunin ƙauna, wai Allah bai tsaya daga nesa ba, ya shiga wahalar bayinsa. Linjila ta ba da labari ya roƙa wa masu azabtar da shi gafara yana kan gicciye, saboda haka Kiristan kirki na ganin wajibi ne ya yafe, ya kuma kula da wanda aka ƙi. A nan ne darajar abin ke fitowa ga idon wanda ba addininsa ba ne. Sa'ad da mutane ke gudun kutare, masu wannan imani sun zauna suna wanke musu miki a Yadakunya ta Kano da Babbar Ruga ta Katsina tun shekarun 1930. Wani zai ce don su sami mabiya ne suka yi, lalle kuwa akwai wannan nufi, ba su ma ɓoye shi ba. Duk da haka wanda aka yi wa magani ya san hannun da ya taɓa shi.

Tun 1932 Littafi Mai Tsarki ke nan da Hausa, yaran nan da harshenmu suke jin waɗannan abubuwa a gida. Malamin da ya yi wa gicciyen yaro ba'a, a ganin yaron ya raina abin da aka fanshi ransa da shi, daga ranar kuwa ba zai ƙara sakin jiki ya koyi ko lissafi a hannunsa ba. Sanin abin da maƙwabci ya gaskata bai rage mini kome daga nawa ba, sai dai ya koya mini inda zan taka da hankali. Hausawa sun ce zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki, a aji kuwa malami ne ke shuka shi. Allah ya sa mu riƙe amanar 'ya'yan mutane, amin.