Ranar da Muka Sake wa Kwamfutarmu Gida

Mu malaman makarantar ikilisiya muna da kwamfuta 3 a ofishin babban malami, dukansu na hannu ne aka sayo. A cikin ɗayansu muke ajiye sunayen yara, da makin jarrabawa, da lissafin kuɗin makaranta. Shekara da shekaru tana aiki da Windows 10, mun saba da ita har ko ido rufe muna iya samun abin da muke nema.

Sai ga labari cewa daga ran 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya daina aiko wa Windows 10 gyare-gyaren tsaro na kyauta. Watau injin ba zai mutu ba, zai ci gaba da aiki, amma ya zama kamar gidan da aka daina yi wa yaɓe, kowace damina sai ɓaraka ta ƙaru. Muka zauna muka yi shawara, muka ce to, a koma Windows 11, wadda ta fito tun 2021.

Ashe ba kowane inji take karɓa ba. Tana bukatar wurin ajiya gigabait 64, da ƙwaƙwalwar aiki gigabait 4, da wani ɗan abin tsaro a cikin injin da ake kira TPM 2.0. Da muka gwada, guda ɗaya tak ta ci, ita ce kuwa mai makin yaran. Sauran biyun muka cire su daga intanet, muka bar wa yara suna koyon buga rubutu, har yau kuma suna nan lafiya lau.

To, ga inda muka yi wauta. Saura mako guda a ba da takardun sakamako, mu kuwa muka ce ai aikin sa'a ɗaya ne, a yi shi ran Jumma'a bayan an tashi. Babu wuta, sai muka ta da janareta, ba wanda ya leƙa tankin mai. Aiki ya yi nisa, allon yana gargaɗi kada a kashe injin, sai muka ji janareta ta yi tari sau biyu, ta yi shiru. Muka dubi juna. Da aka sayo mai aka sāke kunnawa, ba tsohuwar, ba sabuwar, sai wani ɗan zobe yana ta juyawa a baƙin allo har magariba.

Abin da ya cece mu, malamar aji 2 ce. Ita ce ta dame mu tun kafin jarrabawa, wai a kwafe kome a filasha, mu kuma muna yi mata dariya muna cewa ta cika tsoro. Filashar tana cikin jakarta. Sai dai kwafin na kwana 8 ne da suka wuce, makin aji 5 da aji 6 ba su shiga ba.

Kashegari muka aika a kira wata tsohuwar ɗalibarmu da ta karanta ilmin kwamfuta. Yarinyar da muka koya wa riƙon fensir, ga ta ta zauna a kujerar babban malami, mu kuwa muna jere a benci kamar 'yan aji ɗaya. Ta ce, "Malam, wannan sai an share an zuba sabuwa." Muka ce, "'Yata, yi abin da kika gani." Ta yi, kafin azahar injin ya tashi.

Amma fa tashin injin ba shi ne ƙarshen wahala ba. Mun zama kamar mutanen da suka ƙaura sabon gida da dare, kayansu duka suna nan, amma ba su san inda aka sa ludayi ba. Maɓallin farawa da muka sani a kusurwar hagu ya dawo tsakiya. In ka danna linzami ta dama, kalmomin kwafi da yanka da sharewa sun zama 'yan hotuna ƙanana. Firinta kuma ta yi kunnen uwar shegu. Yarinyar ta bayyana mana cewa akwai wata ƙaramar manhaja da ake kira direba, ita ce tafinta tsakanin kwamfuta da firinta, sharewar da aka yi ta tafi da ita. Ta sauko da sabuwa daga shafin masu ƙera firintar, nan take takarda ta fito. Maɓallin farawa ma ta nuna mana yadda ake mai da shi hagu daga wurin saiti, ko da yake malamin lissafi ya ce a bar shi a tsakiya mu saba. An yi ta gardama, har yanzu yana tsakiya.

Abin da ya fi ba mu haushi shi ne haruffanmu masu ƙugiya. Muka buga takarda ta fari, sai Ɗanladi ya fito Danladi, labarin ƙasa kuwa ya zama labarin kasa, sai ka ce macijin nan muke koya wa yara. Mu da muke jan kunnen yaro in ya manta ƙugiyar ƙ, ina za mu sa fuskarmu in takarda irin wannan ta kai gida? Ashe Windows tana da allon rubutu na Hausa, sai dai a ƙara shi a wurin saitin harshe. In an ƙara, maɓalli mai hoton taga tare da dogon maɓallin tazara suna sauya allon, sa'an nan Alt na dama tare da b, d, k ko y su ba da ɓ, ɗ, ƙ, ƴ. Mun rubuta wannan a kwali mun manna a bango.

Makin aji 5 da aji 6 kuwa, ba dabarar da ta dawo da su. Muka kwance ɗaurin takardun jarrabawa, wani yana karantawa, wani yana bugawa, wani yana duba kuskure, dare 3 a jere, matanmu suna aiko mana da tuwo a ofis. Takardun sakamako suka fita ranar da aka yi wa iyaye alkawari.

Yanzu filasha 2 muke da su, ɗaya a aljihun tebur, ɗaya a jakar malamar aji 2. Kowace Jumma'a kafin a kulle ofis takan tsaya a bakin ƙofa ta miƙo hannu, mu kuma mu tashi mu kwafa.