Digiri na Biyu da Kuɗin Riɗi

Kalmar araha ba ta da ma'ana guda. Abin da ɗan Ingila zai kira araha, ɗan Indiya sai ya ci bashin banki kafin ya iya biya. Abin da ɗan Indiya zai kira araha kuwa, mu a Hawata sai mun sayar da amfanin damina biyu. Duk wanda ya karanta a intanet cewa akwai ƙasar da ake yin digiri na biyu cikin sauƙin kuɗi, to ya fara tambaya: sauƙi ga wa?

Ni ɗan Hawata ne, garin da ke bakin kogin Rahad a jihar Gadarif ta Sudan. Kakanninmu Hausawa ne da suka taso daga yamma da ƙafa za su Makka, suka yada zango a nan, zangon ya zama gida. A gida Hausa muke yi, a makaranta Larabci. Tun 1990 aka mayar da yawancin karatun jami'o'in Sudan zuwa Larabci, don haka da shi na yi digirina na farko a fannin tattalin arzikin noma a Jami'ar Gadarif. Turanci kuwa sai ɗan abin da na tsinta.

Da na ƙudurta yin digiri na biyu, sai na riƙa ajiye wani abu daga ɗan albashina. A watan Fabrairun 2021 gwamnati ta karya darajar fam, dala ta tashi daga fam 55 zuwa 375 a farashin hukuma. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya ƙarasa abin da ya rage. Ajiyar da nake gani kamar za ta kai ni ƙetare ta koma kuɗin mota zuwa Fot Sudan. Jami'o'in Khartoum, inda da can mutum zai iya yin karatun ba tare da ya bar ƙasa ba, suka rufe.

Hanyoyi uku na auna. Akwai tallafin karatu na gwamnatin Turkiyya da na hukumar ICCR ta Indiya. Na nemi dukansu, amma masu nema sun yi wa guraben yawa. Akwai Kano, wadda Kawu ya nace a kai, yana cewa Jami'ar Bayero ai gida ce, ba wanda zai ce mini baƙo. Sai kuma Indiya da kuɗin aljihu. Abin da ya rinjaye ni shi ne ɗaliban Sudan sun daɗe suna zuwa Haidarabad da Pune, sun san ofisoshin, sun san masu gidajen haya, kuma wasu 'yan garinmu biyu sun ce akwai wurin shimfiɗa tabarma a ɗakinsu a unguwar Tolichowki.

Kuɗin fa daga riɗi zai fito. Wanda ya san riɗi ya san ba ya jira: idan ya nuna a watan Oktoba ba a yanke shi ba, sai ya fashe ya zube ƙasa. Kafin a kai shi kasuwar amfanin gona ta Gadarif a auna da kantari, an riga an ci bashin man tarakta da na masu yanka. Abin da ya saura shi ne cefanen shekara na mutum goma sha ɗaya, ga kuma dangi da suka gudo mana daga Sinja da Dindir a tsakiyar 2024. Ƙanwata ma tana zaune tana jiran jarrabawar kammala sakandare da aka ɗage tun 2023, ba a yi ta ba sai a Disambar 2024. Na ce wa mahaifina, "Baba, ko in haƙura har ƙura ta lafa?" Ya ce, "Ɗana, ƙura ba ta ba da rana. Rabin riɗin naka ne, rabi na gida. Amma na ƙanwarka bashi ne a wuyanka." Inna ta ƙara da kwasar adashinta. Da wannan sharaɗin na fita.

Da na isa ne na ga tsadar da ba a rubutawa a takardar talla. Kuɗin makaranta shi ne ƙarami a lissafin. Kafin tafiya akwai buga hatimi a kan shaidar digiri, alhali a lokacin ma'aikatun sun koma Fot Sudan, kwana da abinci duk a kanka. Bayan isowa akwai rajista da ofishin baƙi cikin kwana 14, akwai kuɗin ajiya na mai gida, akwai kwas ɗin Turanci. Bizar ɗalibi a Indiya ba ta ba ka izinin aiki, saboda haka babu zancen a tallafa wa kai. Kuma karatun shekara biyu ne, ke nan farashin dala sau ashirin da huɗu zai taɓa ka, wata bayan wata. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Ni na ga ba ta zama wuri ɗaya ma.

Akwai wani abokin karatuna, ɗan Indiya, shi ma ɗan manomi. Burinsa Jamus, domin yawancin jami'o'in gwamnati a can ba sa karɓar kuɗin makaranta. Amma kafin a ba shi biza sai ya zuba Yuro 11,904 a wani asusu da ake kullewa, kuɗin zaman shekara guda. Mahaifinsa na tunanin jinginar da gona. Ranar da ya gaya mini muka yi ta dariya: ni na tsallako teku na zo inda yake ƙoƙarin bari, shi kuma yana hangen inda ba zan iya ko mafarkinsa ba, kuma mu duka gonar iyayenmu ce ke biya.

Matasan garinmu kan turo mini saƙo suna tambayar hanya. Abin da nake gaya musu kaɗan ne. Ku yi lissafi da dala, na shekara biyu cur, ku ƙara sulusi a kai. Ku tabbatar ma'aikatar ilimi mai zurfi ta ƙasarku ta amince da jami'ar kafin ku biya ko sisi. Ku nemi gurbi kai tsaye daga jami'a, ba ta hannun dillali ba. Ku fara Turanci tun kuna gida. Sannan ku zauna da wanda zai biya, ku gaya masa adadin gaskiya, ku ji wa za a tauye domin ku.

Binciken kammalawata a kan yadda ƙananan manoman riɗi ke rasa riba ne saboda bashin kafin kaka, wanda a Sudan ake kira shel. Saura mini zango ɗaya. Ƙanwata ta ci jarrabawarta, tana son aikin jinya, kuma damina mai zuwa rabin riɗin nata ne.