Ƙafar da ba ta kuka



Mu da ake kira raɗin suna da sassafe kafin mu wuce Kasuwar Monday mu buɗe shago, mukan ji abin da ba a faɗa a zaure. Wani lokacin a haifi jariri da ƙullutu a gadon baya kamar ƙwai. Likitoci na ce masa sifaina bifida: ƙashin baya ne bai gama rufewa ba tun cikin makonni 4 na farkon ciki, laka ta samu rauni. In an kai shi asibiti an rufe wurin, sai dangi su ce alhamdulillahi an gama. Alhali a ranar ne aikin gida yake farawa.

Dalili kuwa, jijiyoyin da ke kai saƙo zuwa ƙafa ba su cika aiki ba. Wata tsokar tana ja, abokiyar janta ta yi sanyi, sai ƙafa ta bi mai ƙarfi. A hankali gwiwa ta ƙi miƙewa, ƙugu ya ƙage, tafin ƙafa ya juya ciki. Duk wanda ya koma shagonsa bayan ambaliyar Alau ta Satumban 2024 ya ga yadda ƙyaure da kwaɗo suka cije. To haka gaɓa take in an bar ta ba motsi.

Maganin farko na wannan sanƙarewa ba wuƙar likita ba ce, hannun uwa ne. Amma akwai kalmar da ke yaudarar mu, wato "gashi". A asibiti ana cewa a kai yaro sashen gashin ƙashi, mu kuma a gida da mun ji gashi sai tawul da ruwan zafi. A layinmu akwai yarinya, ba za mu kama suna ba. Kakarta, saboda tsabar ƙauna, ta riƙa gasa mata ƙafa da asuba. Yarinya ba ta yi kuka ba, don ƙafar ba ta ji. Sai da fata ta saɓule aka farga, gyambon ya ɗauki watanni bai rufe ba. Gashin da likita ke nufi babu wuta a cikinsa. Motsa gaɓa ne a hankali, a miƙe ta zuwa inda ta tsaya, a riƙe kaɗan, a saki, a maimaita.

Mahaifiyar yarinyar ta je ta koya a hannun ma'aikatan, ta ɗaura aikin a kan lokutan salla don kada ta manta: in ta sallame, sai ta ɗauko man shafawa ta bi ƙugu, gwiwa, idon sawu. Tana kwantar da ita ruf da ciki na ɗan lokaci kullum don ƙugu ya miƙe, ba ta barin ta wuni a zaune ƙafa a naɗe. Yau yarinyar tana zuwa Islamiyya da takalmin roba mai riƙe sawu, tana dogara keken koyon tafiya. Ba gudu take yi ba, amma da ƙafarta take shiga aji.

Ga ƙafar da aka haifa a lanƙwashe akwai hanyar da wani likita, Ponseti, ya fito da ita a Amurka: kowane mako a ɗan juya sawun a sa siminti, a sake wani mako, har ya daidaita, sannan a koma takalmi mai sanda a tsakani, da farko dare da rana, daga baya da dare kaɗai. A irin waɗannan yaran ƙafar takan so komawa gidan jiya, shi ya sa ba a jefar da takalmin don an ga sauƙi. Gaskiya ɗaya ce, wasu sai an ɗan tsaga jijiyar dunduniya, wasu sai tiyata, wasu kuma keken guragu ne zai zama ƙafarsu, gwargwadon inda raunin yake a baya. Amma ko mai keke yana buƙatar gaɓar da za ta zauna daidai ta sa takalmi.

Abu biyu muke roƙo. Na ɗaya, a duba fata kullum. In an cire takalmi aka ga ja ya wuce rabin awa bai baje ba, a ajiye shi a koma wurin masu gyara. Da zafin Afrilu kada a bar yaron ya ja jiki a kan siminti ko yashi tsirara, kuma kada a kai ƙafarsa kusa da kaskon wuta da hunturu. Na biyu, masu ɗori muna girmama sana'arku, amma wannan ba targaɗe ba ne. Ƙashin yaran nan ba shi da ƙwari, yakan karye ba tare da sun ce wash ba. Kumburi da ɗumi ne sukan zama shaida.

Da can mai neman takalmin asibiti sai ya nufi Dala a Kano, kusan kilomita 600. Tun 2020 akwai cibiyar gyaran gaɓoɓi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, wadda ƙungiyar Red Cross ta duniya ta taimaka aka kafa. Abin da ke katse iyaye mata yanzu sau da yawa kuɗin Keke Napep ne na kowane mako, da kuma maganar mutane. Mu maza, nan ne namu aikin. Ba laifin uwa ba ne, ba kambun baka ba ne, ba aljani ba ne. Uba ya raka, maƙwabci ya tallafa, asusun masallaci ya tuna da su.

Sai kuma rigakafi. Ƙwayar folik asid, maikirogiram 400 a rana, tana rage aukuwar wannan lalura, amma sai an fara sha tun kafin ciki ya shiga. Matanmu kuwa sai ciki ya fito suke zuwa awo, lokacin bakin alƙalami ya bushe. Wadda ta taɓa haifar irin yaron ta ga likita kafin wani cikin, don nata adadin ya fi haka. Mu da muke cika akwatin lefe da atamfa da turare, me zai hana mu saka kwalba ɗaya a ciki?

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya saka wa iyaye mata da alheri. Amin.