Dutsen da na ɗora a hannun yaro

Ni Bazazzagi ne, haifaffen cikin birni kusa da Ƙofar Doka, amma a harkar ƙwallo zuciyata tana Kano. Yayyenmu Ranchers Bees ta Kaduna suka yi wa kara, ƙungiyar da ta raini Daniel Amokachi, ta kuma kai wasan ƙarshe na wata gasar Afirka a 1988. Mu da muka taso bayan tauraruwarta ta dushe sai muka rungumi Kano Pillars, kuma ba mu yi zaɓen tumun dare ba. Ta ɗauki kofin firimiya a 2008, ta yi waje da Al Ahly ta Masar a gasar zakarun Afirka a 2009, sannan ta jera kofi uku a 2012 da 2013 da 2014.

Abin da ya fi fasa mana kai shi ne shekara 12 da ta yi ba a ci ta a gida ba, sai a 2015 Nasarawa United ta karya lagon. A nan kuskurena ya samo asali. Na ɗauka tsoron 'yan kallo ne ya tsare gidan, na manta da ƙafar Rabi'u Ali Pele da gumin abokan wasansa. A majalisarmu ta Babban Dodo na sha faɗa da ƙarfi cewa alƙalin wasa ba ya adalci sai ya ji tsoro. Da magoya baya suka kutsa fili a Agege a 2019 bayan wasa da Rangers, na kare su. Da aka farfasa motar Katsina United a Kano a watan Afrilun 2022, na ce haka ake kare gida. Ban taɓa jifan kowa ba, shi ya sa nake ganin hannuna fes yake.

Ashe akwai mai saurare. Ɗan yayata, yaro ɗan sakandare, kullum yana gefen benci yana kwashe maganata. Ana gasar unguwanni a wani filin makaranta a cikin birni, alƙali ya ba abokan hamayya fenariti, sai dutse ya fito daga cikin taro ya same shi a goshi. Na ga usur ya faɗi a ƙasa, jini yana bin farar rigarsa. Da na gano wanda ya yi jifan, na damƙi wuyan rigarsa ina rawar jiki. Ya dube ni ido cikin ido ya ce, “Kawu, ba kai ka ce haka ake kare gida ba?”

Hannuna ya saki da kansa. Bayan magariba na tasa shi gaba muka je gidan alƙalin, mutumin da yake hura wa yara usur ba don ko sisi ba. Na durƙusa a zaure na ce, “Malam, yaro ne ya yi jifa, amma ni na ba shi dutsen. A yafe mana.” Ya ce, “Allah ya yafe mana baki ɗaya,” sannan ya ƙara da cewa shi da usur har abada. Wannan asarar tana wuyana har yau.

A kakar 2022 ɗin dai aka ci Pillars tarar naira miliyan 9, aka zaftare mata maki uku kan rikicin Katsina United, aka hana ta wasa a Kano, ƙarshe ta faɗa ƙaramin rukuni. Makin da 'yan wasa suka samo da gumi, mu masu cewa muna sonta muka zubar da shi. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari: mai jifa yana da laifi, mu masu yi masa kirari a majalisa muna da namu.

Pillars ta dawo firimiya a 2023, Ahmed Musa ma ya sake saka rigarta bayan ya zaga duniya. Tun 2014 muke ƙishirwar kofin nan, kuma ban fid da rai ba. Remo Stars ta garin Ikenne ta ɗauke shi a 2025, me zai hana Pillars Masu Gida? Sai dai yanzu na san kofi yana buƙatar filin da baƙo zai shiga lafiya ya fita lafiya, ko ya ci ko an ci shi. Duk wanda ya yabi jifa a gabana ina tsayar da shi, in ba shi labarin abin da bakina ya jawo. Roƙona ga manya masu zaman majalisa da gidajen kallo, mu auna abin da muke faɗa, domin yaran da ke gefenmu su ne za su cika filin wasa na Ƙofar Mata gobe.