Natsuwar makaɗi ba a kantin magani ake sayen ta ba

Makon nan na ajiye tambayoyinku a gefe, zan ba ku labarin wani abu da ya faru a gidanmu da ke Mafoni, nan Maiduguri, domin na san gidajen da irinsa ke faruwa suna da yawa, sai dai ba a faɗa.

Ina da ƙane, shi ne autanmu, shekarunsa 21. Tun yana sakandare kiɗa ya shiga ransa. Yanzu fiyano yake kaɗawa, yana bin wani mawaƙi zuwa bukukuwan aure, wani lokaci kuma ya yi aiki a situdiyo. Da farko mahaifiyarmu ba ta so ba, daga baya ta haƙura bisa sharaɗin ba zai bar karatu ba, ba zai yi wasa da sallah ba.

Wata Asabar da daddare ya same ni a kantin maganin da nake aiki ina shirin rufewa. Ya daɗe tsaye yana sosa ƙeya, can ya ce, "Yaya, don Allah ki taimaka min da tiramol, ko guda biyu ne." Na ɗauka wasa yake, sai na ga idonsa ya kaɗa. Da na matsa, ya faɗa min cewa a wani biki, ana tsakiyar waƙar shigowar amarya, hannunsa ya hau rawa, kansa ya kulle, ya manta abin da ya yi makonni yana maimaitawa. Mawaƙin ya juyo ya harare shi a gaban jama'a. Bayan an tashi, wani abokin sana'arsa ya ce masa ai kowa da abin da yake sha kafin ya hau, shi kaɗai ne ke hawa haka nan.

Raina ya ɓaci, amma tsoro ya fi ɓacin ran yawa, don na san da wani wurin ya nufa, ƙila a miƙa masa ba tare da tambaya ba. Na ja masa kujera na ce, "Auta, zauna. Ba zan ba ka ba, amma sai ka ji dalili."

Abin da ya same shi ba ciwo ba ne. Idan mutum ya tsaya gaban jama'a yana tsoron kunya, jiki na sakin sinadarin adiranalin, irin wanda yake saki idan kare ya biyo ka. Zuciya ta ƙara bugawa, baki ya bushe, tafin hannu ya jiƙe, yatsu su yi rawa, hankali ya bar aikin ya koma kan idon mutane. Manyan makaɗa ma na jin haka, sai dai sun saba da shi.

Tiramadol kuwa maganin ciwo ne mai ƙarfi, dangin kodin ne. Ba ya ƙara kaifin hankali. Yana dusar da shi ne, mutum ya daina jin fargabar, har ya ɗauka natsuwa ya samu, alhali kunnensa da yatsunsa sun yi nauyi. Yana sa jiri da gyangyaɗi, idan aka sha da yawa yana jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, yana kuma iya danne numfashi. Mafi muni, jiki na sabawa da shi: biyun yau gobe ba za su isa ba. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 a Najeriya, 'yan shekara 15 zuwa 64, sun yi ta'ammali da ƙwayoyi cikin shekara guda, kusan miliyan 4.6 daga ciki irin su tiramadol suka sha ba don magani ba. A watan Mayun shekarar ne gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, bayan rahoton BBC da ya girgiza ƙasar nan.

Ya ce ya ji Turawa masu kiɗa na shan wani magani kafin wasa. Gaskiya ne, akwai Propranolol, maganin zuciya da hawan jini, da wasu likitoci ke rubuta wa mai tsananin fargabar tsayawa gaban jama'a. Yana rage bugun zuciya da rawar hannu, amma ba zai tuna maka waƙar da ba ta zauna ba. Yana da haɗari ga mai asma da wanda jininsa ke sauka, don haka sai likita ya duba mutum. Lemon ƙara kuzari da matasa ke ɗirka kafin wasa kuma, kafin ɗin da ke ciki rawar hannun yake ƙarawa.

Sai na tuna masa abin da muka tashi muna gani. Mu da ba mu da nisa da fadar Shehun Borno, duk Sallah muna kallon masu algaita da ganga. Mai algaita na tara iska a kumatu yana busawa, a lokaci guda yana shaƙar wata ta hanci, sautin bai yanke ba, ga dawakai, ga ƙura, ga hayaniya, amma bai ɓata ba. Shekaru ya yi yana koyo a gaban na gaba da shi kafin ya fito fage. Sannu ba ta hana zuwa, kuma abin da hannu ya saba da shi, tsoro ba ya ƙwace shi da sauƙi.

Washegari na zauna na kalli yadda yake atisaye, nan na gano inda gizo ke saƙa. Awa uku yake yi, amma waya na kan fiyanon, kowane minti biyu ya duba saƙo. Inda ya iya nan yake ta maimaitawa don yana masa daɗi, inda ke ba shi wahala ya wuce da gudu. Ba ya kwanciya sai ƙarfe biyu na dare.

Muka sauya tsari. Waya ta koma ɗakin Mama. Zama ɗaya minti 25, ya huta biyar, ya dawo, kowane zama da gaɓa ɗaya tak da zai gyara. Wuri mai wahala ya rinƙa kaɗa shi a hankali har ya daina kuskure, sannan ya ƙara sauri. Barci aƙalla awa bakwai, domin a cikin barci ƙwaƙwalwa ke adana abin da hannu ya koya da rana. Duk Alhamis bayan la'asar ya fito tsakar gida ya yi mana wasa, yara na guje-guje, Mama na surutu da gangan, dokar kuwa ɗaya ce: ko ya yi kuskure ba zai tsaya ba, ba zai koma farko ba. Ranar biki ya ci abinci marar nauyi, ya sha ruwa, kafin a fara ya ja numfashi ta hanci yana ƙirga huɗu, ya sake shi a hankali yana ƙirga shida, kamar sau goma. Sakin numfashi a hankali na rage gudun zuciya. Idan an fara, kunnensa ya bi ganga da bakin mawaƙi, ya bar fuskokin mutane.

Bayan mako shida ya je wani biki a Gwange. Ya dawo wajen sha ɗaya na dare ya ƙwanƙwasa min ƙofa. Na ce, "Ya aka yi?" Ya ce, "Yaya, hannun fa ya yi rawa, har na kuskure wuri ɗaya. Amma na ci gaba, ba wanda ya juyo." Fargabar ba ta tafi ba, har yau tana zuwa, sai dai ya daina ganin ta a matsayin abin nema wa ƙwaya.

Iyaye, ba makaɗa kaɗai abin ya shafa ba. Ɗalibi mai jarrabawa, da yaro mai zuwa musabaƙa, da matashi mai ƙwallo, duk ana raɗa musu irin wannan shawarar. Idan ɗanku ya zo da maganar tsoro ko kasawa, kada dariya ko faɗa su fara fita bakinku, don wanda aka kora a gida abokai ne za su karɓe shi. Ku lura da yawan gyangyaɗi da rana, da ramewa, da saurin fushi, da ɓacewar kuɗi. Wanda ya riga ya daɗe yana sha kada ya yanke lokaci guda shi kaɗai, a kai shi ga likita. A nan Maiduguri akwai asibitin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya da ke hanyar Baga, kuma zuwa can ba abin kunya ba ne.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya tsare mana su. Sai mako mai zuwa idan Mai duka Ya kai mu.