Kafin ka sauke manhajar montaj, dubi aljihunka

A cikin ƙungiyarmu kusan kowa na son ya koyi montaj ɗin bidiyo, kuma tambayar kullum guda ce: wace manhaja ta fi? Amsata ba ta burge kowa. Nakan ce wadda wayarka za ta iya ɗauka ba tare da ta yi zafi ta mutu ba. Masu ba da shawara a YouTube suna zaune inda wuta ba ta yankewa, intanet kuma kamar ruwan famfo. Mu kuwa idan hutu ya zo muka koma Kwaya, caji a wurin mai sola ake kai shi, rezo sai ka nemi tudu, forfe kuma da kuɗin abincinka kake saye. Da wannan ma'auni ya kamata mu zaɓa.

Mu fara da waya, tunda ita ce a hannun mafi yawanmu. CapCut ta kamfanin da ke da TikTok ce, tana da sauƙin koyo, yanka da haɗawa kyauta ne. Sai dai kayan adonta da yawa sai da intanet suke sauka, wasu kuma sai ka biya. KineMaster da InShot suna aiki, amma na kyautar suna manna tambarinsu a jikin hotonka. VN ba ta manna tambari, shi ya sa nake nuna ta ga duk wanda zai kai aikinsa gaban jama'a. Sai kuma waɗanda ake cewa "an fasa", masu yawo ta Xender daga waya zuwa waya. Don Allah ƴan uwa ku kiyaye. Ba ka san wanda ya taɓa cikinta ba, ga shi za ka buɗe mata hotunan gidanku duka.

Wanda ya samu kwamfuta, ko ta aro ce, ya san cewa Premiere Pro kuɗi take ci kowane wata. DaVinci Resolve tana da ta kyauta mai ƙarfin gaske, har masu manyan finafinai suna aiki da ita, amma tana neman RAM giga 16, alhali tsofaffin kwamfutocin da muke saye a kasuwa yawanci 4 ko 8 gare su. Shotcut da Kdenlive kyauta ne gaba ɗaya, babu tambari, kuma idan ka sauke sau ɗaya ba sa sake neman intanet. Mutum guda ya sauke a Damagaram ko Magaria, ya zuba a kile, ya ishi goma.

Akwai gwajin da ban taɓa jin wani mai koyarwa ya ambata ba, kuma a wurina shi ne babba. Buɗe wurin rubutu ka rubuta "ƙauye", "ɗiya", "ɓera", "ƴaƴa". A salon haruffa da yawa, baƙaƙenmu masu lanƙwasa sai su koma ɗan akwati, ko su fito daban da sauran. Idan ka haƙura ka cire lanƙwasar, ka mayar da ƙasa kasa, ka mayar da ɗaki daki. Nemi manhajar da ke yarda ka shigo da haruffa daga waje, ka saka Noto Sans ko Andika, duka suna ɗauke da baƙaƙenmu. Rubutun da ke fitowa da kansa a ƙasan bidiyo kuwa bai kama Hausarmu, da hannu za ka zauna ka rubuta.

Me ya sa na damu haka? Don abin da muke ɗauka ba wasa ba ne. Kakata ta san waƙoƙin daka da na niƙa da ƙannena mata ba su iya ko ɗaya ba. Akwai masu kokowa, akwai makaɗan noma, akwai tsofaffin da suka ga yunwar 1984 da idonsu. Muryarsu ce dukiyar, don haka matso da waya kusa, ka kauce wa iska, kada ka binne maganar tsoho a ƙarƙashin kiɗan TikTok. Ka nemi izininsu kafin ka watsa. Ka ajiye asalin hoton a katin memuwar, domin WhatsApp matse shi yake yi. Na turawa kuma ka fitar da shi a 720p, ya isa, kuma ba zai cinye wa mai kallo forfe ba.

Ƙasarmu ba baƙuwa ba ce a wannan sana'a. Moustapha Alassane da hannunsa ya zana hotunan finafinansa tun shekarun 1960. Oumarou Ganda shi ya fara cin babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1972. A wancan lokacin babu ɗayansu da yake riƙe da abin da ke cikin aljihunmu yau.

Shawarata ita ce ka zaɓi guda ɗaya, ka zauna da ita wata uku. Koyi yanka, koyi daidaita sauti, koyi rubutu. Sauran ado zai jira. A taronmu na gaba kowa ya zo da bidiyon minti biyu na wani dattijo ko dattijuwa daga garinsu, mu kalla tare, mu gyara wa juna.